Jiran wanda bai zo ba: waƙar begen Japan a hannun masu fassara

Akwai wani labari da Japanawa ke son bayarwa game da marubucinsu Natsume Soseki, wanda ya yi koyarwar Ingilishi kafin ya yi suna a rubutun ƙagaggun labarai. Wai wata rana ɗalibinsa ya juya "ina son ki" daga Ingilishi zuwa Japananci kalma bayan kalma, sai malam ya girgiza kai ya ce Bajapane ba ya furta irin wannan magana, a rubuta "wata ya yi kyau, ko?" ya wadatar. Masu bin diddigi sun lalube rubuce-rubucen Soseki ba su ga wannan zance ba, kuma sai da aka yi shekaru masu yawa da rasuwarsa a 1916 sannan aka fara jin sa. Ƙage aka yi masa. Amma ƙagen ya zauna daram, domin ya dace da abin da mutanen ƙasar suka saba gani a waƙoƙinsu na shekara dubu da ɗoriya, inda mai so zai ambaci wata, ya ambaci ruwan sama da hannun riga jiƙe da hawaye, ya bar ainihin maganar a ciki. Bahaushe da zai ari wannan dabara sai ya kula da harshensa, don harafi ɗaya ne tsakanin "wata ya yi kyau" da "wata ta yi kyau", kuma na biyun zai iya kashe hirar tun ba a zauna ba. Wannan "ya" da "ta" za mu sake haɗuwa da su nan gaba, don a nan gizo ke saƙar.

Waƙar da ake magana a kanta 'yar ƙarama ce. A da Japanawa suna kiran ta waka da harshensu, yanzu an fi ce mata tanka, kuma bugu 31 ne kacal a cikinta, an kasa su 5, 7, 5, 7, 7. Abin da suke ƙirgawa ya fi kusa da abin da marubutan waƙoƙinmu suka sani na gaɓa mai nauyi da marar nauyi: dogon wasali bugu biyu ne, shi ya sa sunan Tokyo yake da bugu huɗu a kunnen Bajapane. Ba ta da amsa-amo ko kaɗan. Kusan kowace gaɓa a harshen da wasali take ƙarewa, wasulan kuwa biyar ne, saboda haka amsa-amo ba wata gwaninta ba ce a wurinsu.

Kundi mafi daɗewa shi ne Man'yoshu, mai waƙoƙi kusan 4,500, wanda waƙarsa ta ƙarshe mai kwanan wata ta shekarar 759 ce. Akwai sarakuna a ciki, akwai matan fada, akwai kuma talakawan da aka ɗebo daga gabashin ƙasar aka tura gadin gaɓar tsibirin Kyushu, suna waƙar matan da suka baro a gida. Waƙar farko a kundin, wadda ake danganta wa wani sarki, budurwa ya gani tana tsinkar ganye a kan tudu, ya ce ta faɗa masa gidansu da sunanta. A lokacin, mace ta faɗa wa namiji sunanta daidai yake da ta amince ta aure shi. Wannan ɓoye suna ya daɗe a cikinsu, har ta kai manyan marubuta mata na zamanin Heian, wato 794 zuwa 1185, da laƙabi aka san su. Murasaki Shikibu da Izumi Shikibu duk laƙabi ne, wata kuma tarihi bai riƙe mata komai ba sai "mahaifiyar Michitsuna". Wanda ya tashi a gidan da ake alkunya ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kalmar da suke amfani da ita ita ce koi. Masu fassara zuwa Ingilishi kusan dukkansu da kalmar soyayya suke maye gurbinta, kuma tun daga nan ake fara kauce hanya. A Man'yoshu akwai wuraren da aka rubuta koi da haruffan Sinanci biyu, ɗaya mai nufin kaɗaici, ɗaya mai nufin baƙin ciki. Koi shi ne abin da ke cin mutum lokacin da wanda yake so ba ya nan. Hausa ta fi Ingilishi sa'a a wannan wuri, domin muna da "bege", kuma bege ba a yin sa ga wanda ke zaune kusa da kai.

Wanda ke son ya ga hujja ya duba Kokinshu, kundin da Sarki Daigo ya sa a haɗa wajen 905, a ƙarƙashin jagorancin Ki no Tsurayuki. Juzu'i 20 ne, waƙoƙi kusan 1,100, biyar daga cikin juzu'an na koi ne zalla. Masu haɗawar sun jera waƙoƙin mawaƙa daban-daban kamar labari ɗaya ake bayarwa. A fara da wanda ya ji labarin mace bai ma gan ta ba, a zo kan saƙonnin da ba a amsa ba, sai haɗuwar dare a ɓoye, sai tsoron bakin mutane, sai ƙafa ta fara ɗaukewa, a ƙare da jira da ƙorafi da haƙura. Daɗin haɗuwar kansa ɗan wuri kaɗan ya samu a tsakiya. Waƙar miji da mata suna zaune lafiya kuwa, kusan babu ita.

Dalilin haka yana cikin yadda masu sarautar Kyoto, babban birnin lokacin, suke zamansu. Macen babban gida tana bayan labule da asabarin gora, ba a ganin fuskarta. Ko bayan an yi aure, sau da yawa a gidan iyayenta take ci gaba da zama, mijin ne ke zuwa da dare ya fita kafin gari ya waye, kuma yana iya kasancewa da wasu gidajen da yake zuwa. Da ya koma gida, wajibi ne ya aiko da waƙa a wannan safiyar, a kan takardar da aka zaɓi launinta, a ɗaure a reshen furen da ya dace da lokacin, ita kuma ta mayar da amsa da waƙa. In saƙon ya makara, ta san matsayinta. Waƙa a nan wasiƙa ce tsakanin mutum biyu da suka san abin da ya faru jiya da dare, ba su bukatar a yi musu bayani. Labarin Genji, wanda Murasaki Shikibu ta rubuta a farkon ƙarni na 11, yana ɗauke da irin waɗannan waƙoƙi 795 a cikin babi 54.

To, bari mu ɗauki waƙa ɗaya mu buɗe cikinta. Fujiwara no Teika, wanda ya rayu daga 1162 zuwa 1241, shi ya zaɓi waƙoƙi ɗari na mawaƙa ɗari da ake kira Hyakunin Isshu, waɗanda har gobe ake wasan kati da su a sabuwar shekara, kuma 43 daga cikinsu na bege ne. Tasa ita ce ta 97:

konu hito o / matsuho no ura no / yunagi ni / yaku ya moshio no / mi mo kogaretsutsu

In na yi ƙoƙarin kawo ta Hausa, ga abin da ke fita:

Ina jiran wanda bai zo ba,
a gaɓar Matsuho,
da yamma iska ta kwanta,
ana ƙona ciyawar teku don gishiri,
ni ma haka nake ta ƙuna.

Ma'anar ta iso, amma dubi abin da ya zube a hanya. Matsuho sunan wata gaɓa ce a tsibirin Awaji, inda ake ƙona ciyawar teku a fitar da gishiri daga tokarta. Rabin farko na sunan, matsu, shi ne kuma kalmar "jira", sannan shi ne sunan wata bishiya mai ganye kamar allura da ba ta kaɗewa ko a tsakiyar hunturu. Teika bai rubuta "jira" daban ya rubuta sunan wurin daban ba. Kalma ɗaya ce ta rufe jimlar farko ta kuma buɗe ta biyu, kamar ƙyaure ɗaya tsakanin ɗaki biyu. Wannan salo sunansa kakekotoba, kuma shi ne ƙashin bayan waƙar fada. Ni sai da na kashe layi biyu a kan abin da ya yi da numfashi ɗaya. Haka kalmar "kamar" ko "haka", wadda dole mai fassara ya cusa don ya haɗa ciyawa da mai jira, babu ita a asali. Hayaƙin da zuciyar tare suke ci a wuta ɗaya.

Sai kuma babbar matsalar, wadda ta fi damun Hausa fiye da Ingilishi. Kalmar hito da ke farkon waƙar mutum kawai take nufi, ba namiji ba mace. Japananci yakan yi jimla sukutum ba wakilin suna, ba "ni", ba "kai", ba jam'i, ba tilo. Mai Ingilishi yana iya fakewa da kalmarsu ta "kai" wadda ba ta bambanta jinsi. Bahaushe ba shi da wannan mafaka. Ko "wanda bai zo ba" ko "wadda ba ta zo ba", ko "ka" ko "ki", sai ka zaɓa, tun a kalma ta uku. Wanda bai san al'adar ba zai ce ai Teika namiji ne, don haka mace yake jira, ya rubuta "wadda". Ya yi kuskure. A wannan duniyar mace ce ke jira, namiji ke zuwa, don haka Teika muryar mace ya ara, abin da mawaƙa maza suka saba yi ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Ke nan nahawunmu yana tilasta mana mu bayyana abin da mawaƙin ya bar wa mai karatu ya gane da kansa. Ni ina ganin wannan tilas ɗin yana da amfaninsa, domin yana tona wa mai fassara asiri nan take: daga "ya" ko "ta" ɗin da ya sa za a san ko ya fahimci waƙar.

Ono no Komachi, mawaƙiyar ƙarni na 9 da ake buga misali da kyawunta, ta fi haka cusa ma'ana a ɗan wuri. A waƙarta da ta fi shahara, iro launi ne kuma kyau ne, furu zubar ruwan sama ne kuma shuɗewar shekaru ne, nagame doguwar marka ce kuma zuru ne irin na mai tunani. In ka bi ta hanya ɗaya, cewa take furanni sun koɗe a banza saboda ruwa ya ƙi ɗaukewa. In ka bi ta ɗaya hanyar, cewa take kyawuna ya dushe ina zaune ina zuru, duniya na wucewa. Duka biyun a cikin bugu 31 ɗin nan suke. Abin dariya, masu haɗa Kokinshu a juzu'in bazara suka sa ta, cikin waƙoƙin faɗuwar fure. Mu ma muna da kalmomi masu fuska biyu a rubuce, irin su gari da fari da baƙi, sai dai karin sauti da tsawon wasali suna raba su da zarar an furta, kuma ba za a yi sa'ar su faɗo daidai inda na Japananci suka faɗo ba.

Turawa sun daɗe suna kokawa da wannan. F. V. Dickins, likitan sojan ruwan Ingila, ya fitar da fassarar waƙoƙi ɗarin a 1866, William Porter ya fitar da tasa a 1909, kuma dukansu sun ɗora wa waƙoƙin amsa-amo don su yi kama da abin da Baturen lokacin yake kira waƙa. Neman amsa-amo kuwa yana sa mutum ya ƙaro kalmar da ba a ce ba, sai ka ga 'yar siririyar waƙa ta sha ado har ba a gane ta. Arthur Waley, wanda bai taɓa taka ƙasar Japan ba har ya mutu, ya watsar da amsa-amon a littafinsa na 1919, amma da ya zo fassara Genji tsakanin 1925 da 1933 sai ya narkar da waƙoƙi da yawa cikin zube, suka koma kamar maganar baki. Edward Seidensticker a 1976 ya mayar da su layi bibbiyu. Royall Tyler a 2001 ya riƙe ƙirgen 5-7-5-7-7 a cikin layi biyu. Hiroaki Sato ya ce duk a daina, tunda Japanawa a layi ɗaya suke buga tanka, a fassara ta a layi ɗaya. Ko layuka biyar ɗin da na yi a sama al'adar masu fassara ce, na kuma bi ta ne don kunnen Bahaushe ya saba da ƙwar biyar.

Wanda ya fi ba ni abin tunani shi ne Kenneth Rexroth, mawaƙin Amurka da fassararsa ta 1955 ta sa dubban mutane suka fara son waɗannan waƙoƙi. Ingilishinsa sumul yake, ba kwalliya, sai dai yakan aske kakekotoba ya bar ma'ana ɗaya. A 1978 ya fitar da waƙoƙin wata matashiya mai suna Marichiko, ya ce a Kyoto take zaune, shi fassarawa kawai ya yi. Waƙoƙi ne masu zafi, masu faɗin komai a fili. Babu wata Marichiko a duniya, shi ya rubuta abinsa. Mutane da yawa sun yarda, domin muryar ta yi daidai da muryar "macen Japan" da suka saba ji, alhali wannan muryar tun farko Rexroth ne ya ƙera musu ita a fassarorinsa na baya. Wanda duk ya karanta Komachi ko Izumi Shikibu a wani harshe, ya kamata ya tambayi kansa muryar wa yake ji.

Amma fassarar da ta fi canza waƙar a cikin Japan kanta aka yi ta. Tun a ƙarni na 16, 'yan mishan na Katolika da suka zo daga Fotugal sun rasa kalmar da za su faɗi ƙaunar Ubangiji da ita, domin ai, wadda ake amfani da ita yau, a koyarwar Buddha tana nufin kwaɗayi da maƙalewa ga abin duniya. Sai suka ɗauki taisetsu, wato ɗaukar abu da daraja. Bayan juyin mulkin Meiji na 1868, da littattafan Turai suka kwararo, sai aka bukaci suna ga irin soyayyar da ke cikinsu, wadda saurayi da budurwa ke zaɓar juna su ɗauki abin a matsayin mai tsarki. Kalmar ren'ai ta samu gindin zama a wannan lokaci, har matashin marubuci Kitamura Tokoku ya buɗe wata maƙala a 1892 da cewa ita ce mabuɗin sirrin rayuwa. A 1898 kuma Masaoka Shiki ya fito a jarida ya ce Tsurayuki ba gwanin mawaƙi ba ne, Kokinshu kuma tarkace ne. Shekara dubu ana durƙusa wa kundin nan.

A wannan shekarar ta 1898 aka kafa dokar iyali da ta damƙa ragamar aure a hannun maigida, dokar laifuka kuma tana hukunta matar aure in ta ci amana, ta ƙyale miji sai in da matar wani ya yi, kuma haka aka zauna har 1947. A cikin wannan yanayi ne 'yar mai shagon kayan zaƙi daga Sakai, kusa da Osaka, ta bar gidansu ta bi mawaƙi Yosano Tekkan zuwa Tokyo. A 1901, tana da shekara 22, ta fitar da Midaregami, wato hargitsattsen gashi, tanka 399. Duniya ta san ta da Yosano Akiko. Sunan littafin tsohon zance ne: Izumi Shikibu ta riga ta yi waƙar kifewa da baƙin gashi a hargitse tana begen wanda ke shafa shi. Bambancin shi ne mai gashin Akiko ba jira take ba. Ita ke magana, ita ke tsokana, tana yabon jikinta da ƙuruciyarta. A wata waƙar ta dubi mai wa'azin ɗa'a ta ce masa, ba ka ko taɓa fata mai laushi da zazzafan jinin da ke gudu a ƙarƙashinta ba, ba ka jin kaɗaici? Masu sharhi sun yi mata ca, matasa kuwa suka haddace.

A Satumbar 1904, ana tsakiyar yaƙi da Rasha, ta buga doguwar waƙa a mujallar Myojo tana roƙon ƙanenta, sabon ango ɗan shekara 24 da aka tura fagen daga, kada ya yarda ya mutu. Har ta ce ai shi sarki da kansa ba ya fita yaƙin. Mai sharhi Omachi Keigetsu ya kira ta maciya amanar ƙasa, ta mayar masa da cewa waƙa gaskiyar zuciya take faɗa. Ƙanen ya dawo da ransa. Masu son su mayar da ita gwarzuwar ƙin yaƙi sukan tsaya a nan, amma matar nan da ta haifi 'ya'ya 13 ta kuma juya Genji zuwa Japanancin zamani har sau biyu, ita ce dai a 1942, shekarar da ta rasu, ta yi wa ɗanta sojan ruwa waƙa tana ce masa ya je ya yi yaƙi da jarumta.

Shekarun Yaƙin Duniya na Biyu sun nuna yadda hukuma ke kallon waƙar bege. A ƙarshen 1942 ƙungiyar marubuta ta gwamnati ta fitar da sabon zaɓen waƙoƙi ɗari na kishin ƙasa, aka share na bege gaba ɗaya. Wasu baitoci na Otomo no Yakamochi daga Man'yoshu, masu cewa in mun bi ta teku gawarmu ta jiƙe, in mun bi ta dutse ciyawa ta tsiro a kanta, an sa musu kiɗa a 1937 ana raka sojoji da su. Tanizaki Jun'ichiro, da ya fitar da Genji a harshen zamani tsakanin 1939 da 1941, sai da ya cire labarin da aka gina littafin a kansa, na Genji da matar mahaifinsa da ɗan da suka haifa ya hau gadon sarauta. Bayan yaƙi ya mayar da shi.

An sha yi wa tanka jana'iza bayan 1945, ana cewa kayan tsofaffi ce. Sai ga wata malamar sakandare a Kanagawa, Tawara Machi, 'yar shekara 24, ta fitar da Sarada Kinenbi a 1987, aka sayar da fiye da kwafi miliyan biyu. Ƙirgen nan ne dai na 31, amma da harshen da ake magana da shi a tasha da kanti, da giyar gwangwani da wayar tarho a ciki. Waƙar da ta ba littafin suna cewa take, tunda ka ce ɗanɗanon nan ya yi maka, 6 ga Yuli ta zama ranar tunawa da salak. Nan ma ba a ce "ina son ka" ba. Daga baya ita da kanta ta faɗa cewa abin da aka ci soyayyiyar kaza ce, kuma ba a Yuli ba ne. Ta zaɓi salak da Yuli ne don sarada da shichigatsu sun yi daɗin haɗuwa a baki, ta kuma zaɓi 6 ga wata don ita ce jajiberin Tanabata, daren 7 ga Yuli da taurari biyu masoya ke haɗuwa sau ɗaya a shekara, ita kuwa ranar da ba ta kowa ba take so. Mai fassara zai kawo salak ɗin da kwanan watan lafiya lau, amma sautin da ya sa aka zaɓe su a can zai tsaya.

A 1998 Tawara ta ɗauki Midaregami ta sake zuba waƙoƙinsa cikin Japanancin yau, tanka a madadin tanka. Littafin Akiko bai cika shekara ɗari ba a lokacin, amma nahawunsa na da ne, kuma jikokin waɗanda suka haddace shi sun kai ga bukatar tafinta.